Bandar kifi a kular ƴata

Shekarun baya, lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana cinikin bandar kifi a yankinmu saboda an ce kuɗin yana shiga hannun mutanen daji, mahaifiyata tana zaune a wurina a Diffa. Daga Bosso ta gudo, daga ita sai zanen jikinta da carbi. Matar da ta yi rayuwarta kaf a bakin murhun banda, sai ga ta a kan tabarma daga safe har yamma, ba magana, ba cin abincin kirki. Na yi lallashi, na yi faɗa, ba abin da ya motsa ta.

Wata rana maigidana ya sayo ƴan tarwaɗa a hannun masu kamu a bakin Komadugu, nan bayan gari. Ni kuwa ƴar Bosso ce a baki kawai, in kifi ya shiga hannuna ko ya ƙone ko ya dagargaje. Mahaifiyata tana kallona ina ta ɓarna, can ta ce, "Kawo nan, kar ki kunyata ni." Ta sa aka yanko rabin duro, aka ɗora ragar waya a kai, ta lanƙwasa kifin ta hura wuta. A ranar na sake jin dariyarta. Daga nan kullum tana bayan ɗaki da hayaƙinta, tana ƴan waƙe-waƙenta da Barbarci. Ba sayarwa take ba, na cinmu ne kawai.

Ƴata tana lakwal, wato makarantar boko, kuma yini suke yi, don haka da kular abinci take tafiya. Kakarta ce mai zuba mata: dambu da zogale, ɗan yajin tattasai, sai gutsuren banda a kai.

A ajin nasu akwai ɗan wata Hajiya. Ita ba ta yarda ɗanta ya ci abu mai sanyi, da kanta take kawo masa abinci lokacin hutun rana. In ta ajiye kuma ba ta tafiya, sai ta bi kulolin ƴaƴan mutane tana buɗewa. Da yamma mu ji sakamako a gurup ɗin iyaye na waya: wance gari da sukari kawai ta ba yaro, wance biskit, wance ta sa ɗumamen tuwo kamar ba ta da miji. Muna jin haushi, muna haɗiyewa.

Ran nan sai ga hoton kular ƴata, da muryar Hajiya a ƙasa: "Jama'a, wannan fa ba kifin kogi ba ne. Bandar tafki ce, irin wadda aka hana, na san ta sarai. To ta wace hanya take shigowa gari?" Ba ta kira suna ba, ba ta ma buƙata. Wata ta ce, "Ai ƴan Bosso ne." Wata ta ƙara, "Mijin ba direba ba ne?"

Wanda bai zauna Diffa a lokacin ba, ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. Magana irin wannan tana ɗauke mutum daga gidansa. Ba a jima ba jami'an tsaro suka kira maigidana ya amsa tambayoyi, ya yini a can, har aka zo gida aka duba rabin duron. An sake shi, amma mai motar da yake ja ya karɓe makulli, ya ce sai ƙura ta lafa.

Washegari na dira lakwal ɗin, ko takalmana ba iri ɗaya ba ne, sai daga baya na lura. Na tare Hajiyar a bakin ƙofa.

"Hajiya, da iznin wa kika buɗe abincin ƴata?"

"Haba maman yarinya, ni fa tambaya kawai na yi. Tsaron gari ai na kowa ne."

Na fara da Hausa, ban san sanda na koma Barbarci ba. Rabin abin da na faɗa ba ta ji ba, kuma gara da ba ta ji ba. Ta gyara mayafinta ta shige mota.

Duk wannan mun ɓoye wa mahaifiyata, masu duba duron ma cewa muka yi masu duba tsafta ne. Yarinya ce ta fasa maganar. Ta dawo da kularta ko buɗewa ba ta yi ba, ta ajiye a gaban kakarta ta ce, "Kaka, kar ki ƙara sa mini kifi. Yara sun ce na mutanen daji ne, ba mai zama kusa da ni."

Tsohuwa ta dubi kular. Ta ce, "To, ƙawata, na daina."

Da safe na same ta ta watsa wa garwashin ruwa, ta kife duron. Na ce, "Inna, ai an gano ƙarya ce." Ta ce, "Hayaƙina ya kusa cinye miki miji. Ya isa." Ta koma kan tabarmarta.

Daga baya an ɗage dokar, banda ta cika kasuwa, maigidana ya koma bakin aikinsa. Na sayo tarwaɗa na ajiye mata, har ƙona wasu na yi da gangan a gabanta ko za ta ce in kawo. Ba ta ce ba. Har Allah Ya karɓi ranta ba ta sake hura wutar nan ba.

Ana ce mini in yafe, wai ai Hajiya ba ta yi nufin haka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba ta yi nufin komai ba, lokaci ne ya yi mata yawa, ta leƙa abincin yaron da ba nata ba. A lokacin ba ta san wanda ya dafa ba, ba ta san abin da dafuwar take riƙe da shi ba. Har yau in na ga uwa tana yatsina fuska a kan kular ɗan wata, sai abin ya dawo mini sabo.

Bara na haɗu da ita a kasuwa, a layin masu banda, tana ɗaga kifi tana shinshinawa. Ta gaishe ni da fara'a, ta manta komai. Ta ce, "Wai ina tsohuwar nan taku? Duk kasuwar nan ban ga banda mai kyan tata ba. Ko za ta yi mini ta suna?"

Na ce, "Ta rasu, Hajiya. Amma duron yana nan a kife, yadda kika sa ta bar shi."