Ernelda Lambey, Wadda Ta Ƙi Ɗaga Tsutsa

Kafin kwale-kwalen farko ya bar gaɓar tekun ƙauyen Hopkins, Anti Ernelda Lambey ta riga ta karya da gurasar rogo, ta duba tulunan iskar da masu nutso ke goyawa ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru aikinta ke nan: ta nutsa da baƙi cikin duwatsun murjani na ƙarƙashin teku, ta nuna musu tsutsotsin nan masu faɗi kamar ganye, masu ado kamar atamfa. Ita ta koya wa yawancinmu bambanta su da katantanwar teku marar ɓawo.

"Duba bayanta," in ji ta. "In ka ga tuntu, katantanwa ce. In shafal take, gefenta na kaɗawa kamar bakin siket, to ita ce. Kuma hannunka a ƙirjinka, ɗan nan!"

Makon jiya aka sallame ta. Har yau bakinmu a buɗe yake.

Wilbert matuƙin kwale-kwale ne ya ba ni labarin abin da ya faru a teku. Wani baƙo mai ɗaukar hoto ya hango wata baƙar tsutsa mai ratsin ruwan goro a tsaguwar dutse, ya yi wa Anti alama ta ɗago ta kan farin yashi don ya tantance irinta. Ta kaɗa masa yatsa alamar a'a. Sai ya kai hannu da kansa. Ita kuwa halittar nan ba ta jure taɓi: ta yayyage a yatsunsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Nan take Anti ta yi alamar kowa ya fito, ga iska cike a tuluna.

A gaɓa mai kwale-kwalen, wanda Anti ke yi wa aiki, ya riƙe baki. "Ernelda, a kan tsutsa? Tsutsa fa! Ƙanwarki ce? Ki ba baƙon haƙuri ki mayar da shi ruwa, ko ki ajiye min kayana."

"Maigida, in kowa ya damƙi tasa, gobe me zan nuna wa mutane? Yatsunsa?"

Ta tuɓe rigar nutson, ta ninke, ta ajiye a gabansa.

Anti, ke ce idon murjani. Kin san ba wani aikin da ke jiranki, kin san ba a ɗaukar mai furfura, amma ba ki ko waiwaya ba. Mun gode. Mu da yawa muna tsaye a gaɓar a ranar, ba wanda ya iya cewa uffan sai ke.

Ku kuma da za ku shiga ruwa a madadinta, ranarku na zuwa, wani baƙon zai nuna muku farin yashi. Ku kaɗa yatsa.