Gadon Ƙarfen da Baba Hodi Ya Ɗora Kan Mota

Duk mai bi ta bayan tashar mota a Argungu da sassafe ya san ƙarar nan: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ba aiki Baba Hodi ya fara ba tukuna, gaisawa yake da ƙarafansa. Yakan ɗauki bututu ya buga masa sifana, ya karkata kunne. Wanda ya yi amo ya ajiye shi dama. Wanda ya yi gum, tsatsa ta cinye shi ta ciki ke nan, ya jefa shi hagu. Sai ya gama wannan yake shan kununsa, sannan ya ja ƙafarsa mai ɗingishi zuwa gindin injin walda.

Sana'arsa ƙera kariya, ragar ƙarfen nan da ake ɗaurawa a rufin mota don ɗora kaya. Ba ya saya mata sabon ƙarfe. Tsohon bututun ban ruwa da manoman fadama suka jefar, guntun rodi, ƙafar gado, sai tsohuwar taya da yake yankawa ya shimfiɗa ƙarƙashin ƙafafun kariyar don kada ta ci rufi. Noti kaɗai yake saye sabo, a shagon abokinsa Olatunji da ke Birnin Kebbi, don ya ce a nan ran aikin yake.

Masu walda dai suna da yawa a garin nan, wasu ma aikinsu ya fi nasa sheƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Baba Hodi in ya gama kariya ba ya sallamar mota. Sai an loda mata kaya, direba ya kama hanya, shi kuma ya hau mashin ɗinsa ya bi ta a baya, dab da ita, daidai inda duk abin da ya faɗo a kansa zai sauka.

Olatunji ne ya ba ni asalin abin. Ya ce, "Tun muna samari niy san shi. Wata mota tas sha gabanshi da buhunnan shinkahwa, kariyar wani ta, ba tashi ba, tat tsinke. Kin ga ƙahwar nan tashi? To, ita ta. Da yat tashi daga jinya sai yac ce in dai aikinshi za ya karya wani, to shi za ya hwara karyawa. Nic ce mai, Hodi, guda ta rage maka, ita ma kyauta za ka yi da ita?"

A bana likitan ido ya ce masa ya rabu da hasken walda in yana son ya ci gaba da gane fuskokin jikokinsa. Har ya fara tattara kayan aiki sai maƙwabciyata Asiya ta je masa.

Asiya tana da 'ya ɗaya, Nazifa, mai ciwon sikila, kuma duk wata ana kai ta asibiti Birnin Kebbi. Mijinta Sirajo yana da tsohuwar Fijo da yake ɗaukar albasa da ita daga Gulma da Augie zuwa kasuwa, a ciki suke tafiya, buhuna a baya har rufi, uwa da 'ya a matse. Wata rana shanu suka ɓullo kan titi, Sirajo ya taka birki, buhu ya zamo ta saman kujera ya sauka a ƙafafun yarinyar. Duk uwar da ta taɓa riƙe ɗa mai sikila yana kukan ƙashi ta san abin da Asiya ta gani a makon nan. Ta ce 'yarta ta daina shiga mota ɗaya da buhu. Sirajo ya ce zai ɗaure kayan a kan rufi, ya zaro igiya ta tagogi kamar yadda kowa yake yi. Ta tambaye shi, in igiya ta ɗaure ƙofofi, wani abu ya faru, ta ina za ta fitar da 'yarta? Ga ranar asibiti tana matsowa.

Sai ta sa aka ɗora gadon ƙarfen marigayiya mahaifiyarta a kura, aka tura har gaban Baba Hodi.

Ya dubi gadon, ya dube ta. "Ɗiyata, kwana kinka zo yi?"

"Baba, kariya nika so."

"Ba ki ji na aje aiki ba?"

"Na ji. Bisa wanga gado anka haihe ni, shi ad da ni. Ɗiyata nika ji ma tsoro, Baba."

Ya ɗauki sifana ya buga ƙafar gadon, ya saurara har amon ya mutu. Sannan ya tambayi ranar asibitin.

Ya yanka gadon da zarto, ya fitar da ƙarafan gefe suka zama jikin kariya, sandunan kai suka zama shinge, ya ƙara bututun fadama a tsakiya don ɗaukar nauyi. A hankali ya yi aikin, yana walda yana hutawa, yana share ruwan da ke zubo masa daga ido. Inda ido ya gaza, da ɗan yatsa yake bin ɗinkin bayan ya huce.

Ranar gwaji aka loda albasa, aka bar Nazifa gida wurin kakarta ta wajen uba. Asiya ta shiga gaba, ta roƙi Baba Hodi ya yi zamansa ko don idon.

Ya ce, "Ido ya rage, shi yas sa zan matsa kusa."

Haka kuwa ya yi. Asiya ta ce wuyanta har ya ƙage don waiwaye. Tana hango shi ta gilashin baya, dattijo da farin gemu a kan mashin, tulin buhuna na rangaji a samansa, tayarsa kamar za ta taɓa motar. Ba su yi nisa da gari ba ya danna oda. Aka tsaya. Babu abin da ya faɗi, babu abin da ya karye. Ya kama ƙafar kariyar ta baya ta hagu ya girgiza, ya ce tana kuka in an shiga rami, a koma.

Sirajo ya ce, "Haba Baba, kasuwa na watsewa! Ni ban ji komi ba."

"Kai gaba kake, ɗana. Mu na baya mu ka ji."

Suka koma. Aka sauke buhu ɗaya bayan ɗaya, ya yanke ƙafar da hannunsa, ya sake ta, ya ninka tayar ƙarƙashi. Kasuwar ranar ta wuce Sirajo, fuskarsa a murtuke. Washegari suka sake kama hanya, wannan karon oda ba ta yi ƙara ba har ƙofar shagon Olatunji. Baba Hodi ya sauka, jar ƙasa ta rufe masa gira, ya bi notunan da sifana, babu wanda ya motsa. Ya juyo wurin Asiya.

"Tahi ki ɗauko ɗiyarki."

Baba Hodi, kai ne ka zaɓi wurin da kowa yake gudu ka mayar da shi wurin zamanka. Kai ne mai bin baya, wanda direbobin Argungu suke gani a madubi su ji hankalinsu ya kwanta. Yara nawa ne suka bi bayan motocin da ka yi wa kariya, a kan mashin, a goye, a ƙafa, suka isa gida lafiya ba tare da iyayensu sun san sunanka ba? Nawa 'ya'yan ma suna cikinsu. Mu iyaye mata mun gode. Allah ya bar maka sauran hasken idonka, ya sa ka ga auren jikokin nan, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu walda da kuka rage a bayan tasha, ba na ce ku yi aikin kyauta ba, ba na ce ku bar sabon ƙarfe ba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ka ce wa direba ya tafi, ka tambayi kanka ko za ka yarda ka hau mashin ka bi shi. In ba za ka yarda ba, to ka sani ɗan wata ne zai bi.

Ranar asibiti ta zo, albasa na sama, kujerar baya babu kowa sai Nazifa. Ta miƙe ƙafafunta har ƙofa, ta tambayi uwarta ko da gaske gadon kaka ne a kansu. Asiya ta ce shi ne. Kafin su fita Argungu barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai Birnin Kebbi.