Bakan da Baba ya saya wa Kaka

Wata Asabar cikin azumi, shekarar da na shiga aji huɗu, ina zaune kan katan ɗin wandunan da Baba ya saro daga Xintang ina tsince wa Umma wake, 'yan sanda biyu suka ƙwanƙwasa ƙofarmu a unguwar Dengfeng, can ƙasar China. Duba takardu ba baƙon abu ba ne a benenmu, kuma namu lafiya lau suke. Har sun juya za su fita, sai ƙaraminsu ya hango bakan da ke rataye saman firij.

Baba ya sayo shi ne a wata rumfar tsofaffin kaya a Liwan, zai kai wa mahaifinsa, wanda ya yi farauta har ganinsa ya fara rauni. Baka ne baƙi, ba tsirkiya, bakunansa sun lanƙwashe kamar ƙugiya, kowanne da wani farin abu mai santsi a liƙe. Ɗan sandan ya murza wurin da yatsa, ya yi magana a taƙaice. Ni kaɗai ce a gidan nake makarantar 'yan China, don haka ni na gaya wa Baba: "Ya ce hauren giwa ne."

Na san abin da ke samun wanda aka kama da haure, don a kan rufin bene, inda muke ɓuya tsakanin shanya, yara suna ba da labarin iyayen da aka tafi da su. Suka karɓi fasfon Baba, suka tambayi wa ya yi bakan, kuma yaushe. Bai sani ba. Aka ce mu tafi Liwan. Umma ta ɗaura min ɗankwali, ta ce, "Abin da kika ji shi za ki faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage."

Mai rumfar tsoho ne. Da ya ga kayan sarki sai ya hau cewa meyo, wato a'a, bai taɓa ganin Baba ba. Na fassara wa Baba maganar. Can da aka ajiye bakan a gaban tsohon, sai ya kasa ɗauke ido. Ya jawo fitila, ya nuna musu ƙananan ɗigo baƙaƙe a jikin farin, ya ce haure ba ya yin haka, ƙashin saniya ne. Cikin bakan ƙahon ɓauna ne, bayansa jijiya da gam ɗin kifi. Ya ɗaga ɓawon itacen da ya tsufa a mariƙin, sai ga jan tambari. Na wani gidan masu yin baka ne a arewacin China, in ji shi, wanda aka rufe tun kafin a haife shi.

Babban ɗan sandan ya miƙo fasfon, sannan ya ƙara da cewa abin da ya kai wannan tsufa ba ya fita daga ƙasar. Na faɗa wa Baba. Ya daɗe yana shafa bakan, ya ce, "To, Alhamdulillahi. Mu je gida, Hauwa."

Kaka ya rasu bai gan shi ba sai a hoton waya. Da za mu dawo Kano, Baba ya bar wa mai gidan hayarmu shi. Yanzu ana aiko min da kaya daga Liwan ina kwance a ɗaki, amma babu wanda zan tambaya a wancan benen, duk mun watse. Na san wanda ya yi bakan da zamaninsa, ban dai san hannun da yake ciki yau ba.