Ranar da Teku Ya Zo Ɗaukar Motata

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, na taɓa tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, in biyo ta da hamdala. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bakori, kuma ina da wata tsohuwar bas da nake jigilar masara da fasinja zuwa Funtua. Motar nan ita ce ƙafata, ita ce rabin abincin gidana. In ta yi tari, ni nake kwana da zazzaɓi.

Mahaifina yana fama da sanyin ƙashi. Da an gama kaka sanyi ya kankama, sai gwiwoyinsa su kumbura, ya koma ɗaki shi da kaskon wuta, sallah ma a zaune. Ina da wani aboki Bayarabe, haifaffen Funtua, tare muka yi firamare, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya koma garin iyayensa wajen Badagiri, can kudu a bakin teku, ya buɗe shagon kayan mota. Wata rana muna waya na ba shi labarin Baba, sai ya ce, "Wai me kuke yi wa zaman sanyi? Mu nan ko bargo ba mu sani ba. Kawo tsoho ya ci rani a bakin teku, akwai fili cikin itatuwan kwakwa da ake ajiye mota a zauna, da rijiya da banɗaki."

Maganar ta shige ni. Washegari na kai motar wurin mai walda, muka cire kujerun baya kaf. Kafinta ya buga gado da katako a gefe guda, ƙarƙashinsa na jera buhun garin masara, kuka, daddawa, man gyaɗa da risho. Matata ta ɗinka labule ta rataya mana gidan sauro, tana yi tana ce mini angon mota. Da yayana ya zo ya leƙa, sai ya riƙe baki. "Tsoho za ka ɗauka a motar masara ka kai ƙarshen duniya? To, amana ce, ka dai sani." Baba yana ji daga ɗaki ya ɗaga murya ya ce, "Ko a bayan jaki ne a kai ni, na gaji da ƙirga azara."

Kwana uku muka yi a hanya, don ba na gudu da shi. Muna wuce Jebba Baba ya cire hular sanyi, kafin Ibadan ya tuɓe rigar sanyin ya yi matashi da ita. Ranar da muka isa, abokina ya shige mana gaba a kan babur har cikin filin. Na kashe mota, sai muka ji wani ruri kamar ana zuba tsakuwa daga tifa, ba ya tsayawa. Na kama Baba muka leƙa ta tsakanin itatuwa. Ruwa ne iya ganinka, ba tsallake, ba gaɓa. Baba ya ƙura wa ruwan ido, can ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan, kuma ba a noman rani da shi?" Abokina ya yi dariya har da zama a ƙasa.

Wallahi makon farkon nan daɗi kamar me. Mu tashi da asuba ba hura wuta, ba ɗumama ruwan alwala. In dama koko a bakin ƙofar mota, iska mai ɗumi tana kaɗa labule, masunta suna jan taru can nesa suna waƙa. Baba ya gano wani magani da kansa: in rana ta ɗaga, sai in haƙa masa rami a yashi mai zafi, ya miƙe ƙafafu, in binne su har cinya. Ya ce tun da ciwon ya kama shi bai ji abin da ya ratsa ƙashin kamar wannan ba. Matsala ɗaya ce, daga inda muka ajiye mota zuwa bakin ruwa akwai 'yar tafiya, kuma yana so ya zauna kusa da ruwan yana kallo.

Nan ne fa ƙwaƙwalwata ta kawo wuta. Tun ranar farko abokina ya nuna mini wani dogon layi na tarkace da busasshiyar ciyawa a kan yashi, ya ce, "Ka ga layin nan? Kada ka kuskura ka sauka ƙasa da shi da mota. Ruwan nan cika yake yi ya janye, sau biyu kullum." Na ce to, amma a raina na ce mutumin nan ya daɗe da barin gida. Mu da muke shiga tsakiyar rafi da mota a rani muna ɗibar yashi? Rafi ba ya kawo ruwa sai an yi hadari, yaro ma ya san wannan. Na ɗaga kai, sama wasai, ko gajimare babu. Ruwa daga ina?

Wata rana da hantsi na sa Baba a mota, na bi wata hanya da masu sayen kifi suke bi, na gangara na tsallake layin tarkacen, na hau kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri kamar daɓe. Motar ta tafi sumul. Na ajiye ta ina jin kaina, na binne wa Baba ƙafa a gefenta, na kafa masa lema. Na tuƙa tuwo da miyar kuka da kifi, muka ci muka yi nak, muka yi azahar. Daga nan na ce bari in ɗan miƙe a kan gado minti biyar.

Muryar Baba ce ta tashe ni, a natse kamar yana kiran a kawo masa goro. "Kai, fito ka gani, rafin nan naku tafiya yake yi." Na leƙo, sai ga butarmu tana lilo a kan ruwa, takalmina ɗaya yana bin ta. Ruwa ya kewaye tayoyi, ga mahaifina a binne har cinya kumfa tana wanke masa gefen riga. Ban san lokacin da na dira ba. Na haƙe shi da hannu ina salati, na goya shi a baya, na ruga da shi har saman layin tarkacen nan da na raina. Yana bayana yana cewa, "A hankali, kada ka karya abin da ya fara gyaruwa."

Na koma da gudu na tayar da mota, na sa ribas na taka totur. Kuskure na biyu ke nan. Tayoyin suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami, kuma duk igiyar ruwan da ta zo sai ta zare yashi daga ƙarƙashinsu. Ruwa ya toshe salansa, wato bututun hayaƙi, injin ya yi tari biyu ya mutu. Na zauna riƙe da sitiyari. In motar nan ta tafi, ba ɗakin kwana, ba hanyar komawa, ba abin da zan yi jigila da shi baɗi, ga tsoho a hannuna a garin da ko gaisuwarsu ban iya ba. Na kira abokina, abin da ya fara cewa shi ne, "Ka sauka, ko?" Na ce na sauka. Ya ce, "Wanda bai ji bari ba. Ga ni nan."

Kafin ya iso, masunta sun hango mu. Wani dattijo baƙi siriri, wanda daga baya na gane shi ne shugabansu, ya zo ya zagaya motar cikin ruwa har gwiwa, ya dube ni, ya girgiza kai, ya buga wata kuwwa. Sai ga mutane ta ko'ina, maza da matan da ke ƙyafe kifi, sun fi talatin, suna jan igiyar tarunsu mai kaurin dantse. Suka ɗaura ta a ƙarfen bayan motar. Abokina ya faɗo daga babur yana fassara mini: in cire giya, in riƙe sitiyari tsaye, kada in taɓa komai. Ba sa ja sai igiyar ruwa ta zo ta ɗan ɗaga motar, lokacin ne dattijon yake ba da waƙa, su amsa, su tafi baya gaba ɗaya. Ja na farko ko motsi. Na biyu ta girgiza. A na huɗu ko na biyar na ji ta tumɓuko kamar an cire rogo, ta fara tafiya da baya. Ina ciki ina kabbara, hawaye da ruwan gishiri sun haɗu a fuskata, ina jiyo Baba can sama yana amsa waƙar da bai san ma'anarta ba.

Kwana uku bakanike ya yi yana wanke ta da ruwan rijiya, ya juye baƙin mai, ya busar da wayoyi. Da ta tashi har rungume shi na yi. Na nemi abokina ya raka ni wurin dattijon in ba da goro, amma dattijon ya ƙi karɓa. Ya ce a wurinsu igiya da igiya ake rama ta, mu zo jan taru da safe. Na ce ni zan zo, Baba ba shi da ƙafa. Dattijon ya ce ai jela ma aiki ce: tsofaffi ne ke zama a ƙarshen igiya suna naɗe ta yayin da ake ja.

Haka Baba ya samu aiki. Ya zauna a kan yashi yana naɗe igiya da hannun nan nasa na ɗaurin dami, har dattijon ya tsaya yana kallon tsarin naɗin yana gyaɗa kai. Da taru ya fito aka yi rabo, don al'adarsu duk wanda ya taɓa igiya yana da kaso. Aka zubo wa Baba kifi a ƙoƙo. Ya ƙi bari in ɗauka masa. Ya dogara sanda ya tako da kansa har bakin mota, ya ajiye a gabana ya ce, "Karɓi ka soya. Yau ni na ci da gidan."

Sau huɗu muka sake komawa cin rani a filin nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ban ƙara tsallake layin tarkace da mota ko da wasa ba. Na koyi cewa sanin da ka yi wa rafin garinku a garinku yake tsayawa, in ɗan gari ya ce kada, to kada ɗin ne. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne wanda ban je nema ba. Shekara da shekaru muna kai wa mahaifinmu tuwo har bakin gado muna ganin mun yi masa komai, ba wanda ya taɓa tunanin miƙa masa wani abu ya riƙe. Sai da mutanen da ba su san ko sunansa ba suka ba shi jelar igiya, sannan na sake ganin fuskar da na sani tun ina yaro.