Kafintan da Ke Tsayawa a Zaure

In an idar da sallar Asuba a Gazara, dattawa kan ɗan daɗe suna gaisawa a ƙofar masallaci. Baba Uwaisu kafinta yakan gaisa da kowa, ya wuce rumfarsa. Zartonsa yake fara saukewa daga ƙusar da yake rataye shi, ya goge shi da tsumma, ya wasa masa haƙora. Duk garin an san zarton nan ba a aronsa, ko 'ya'yan cikinsa ba sa taɓawa. Daga nan sai ya juya kan karan dawa da ke jingine a bango, kowane ɗauri da ƙyallen atamfa a jikinsa. Baƙo zai ɗauka na hura wuta ne. Awon kicin ɗin matan gari ne, ƙyallen kuwa shi ke gaya masa na wace ce.

Yawancin gidajenmu ba shiga ne, namijin da ba ɗan gida ba iyakarsa zaure. Kafintocin yanzu sai su ƙera kwabar kicin a kan ƙiyasi, a kai ta gida, ko ta ƙi shiga ƙofa ko ta zauna a karkace. Uwaisu bai yarda da aikin ƙiyasi ba, bai kuma yarda ya keta mutuncin gidan kowa ba. Saboda haka ya koya wa mata su auna gurbin da kara, su karya shi daidai inda bango ya tsaya. Shi zai yanka katako a rumfa, ya huda gurbin kowace ƙusa, ya shafe ƙafafun da baƙin mai saboda gara. A tura kayan a baro zuwa ƙofar gida, matarsa Inna Azumi ta shiga da bayaninsa. Matar gida ce za ta ɓalle tsohuwar kwaba, ta haɗa sabuwa da hannunta. Haka aka yi a Gazara, aka yi a Likoro, har daga Furana an aiko masa da kara.

A faɗi gaskiya ko ta yi ɗaci. Akwai magidanta a garin nan da kan yini a majalisa suna gyara siyasar duniya, alhali murfin kwabar gidansu da igiya aka ɗaure shi, ɓera na kwana a cikin garin tuwonsu. Ba su gyara ba, ba su bari an gyara ba. Wannan dattijon ne ya rufa musu asiri, har yau bai kama sunan kowa ba.

Wanda ke son sanin ko wane ne Uwaisu, ya tambayi Saudatu mai ɗanwake.

Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana. Tana cikin takaba, ba ta fita, kwabar da take ajiye gari da mai da kwanukan sana'arta ta rufto, gara ta cinye ta daga ƙasa. Wan mijin, Mu'awiyya, ya zo ya ga mai a ƙasa, fasassun tangaran ko'ina. Ba mugu ba ne, amma mutum ne mai saurin yanke magana.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Gida ba namiji haka yake zubewa. In kin fita takaba ki koma wajen iyayenki, yaran mu raba su tsakaninmu."

"Yaya, kwaba ce ta faɗi, ba gidan ba."

"Yau kwaba ce. Gobe katanga."

Inna Azumi ce ta kai wa mijinta labari. Kara kawai ya zaro ya miƙa mata. Saudatu ta auna, aka yanka, aka kawo. Ta share gurbin, ta haɗa gefe da gefe, ta tura, sai kwaba ta ƙi shiga. Ashe a tsaye ta yi awon, daidai ƙirjinta, alhali kicin ɗin ginin ƙasa ne, bangonsa ya fi kauri daga gindi. Sama ta yi daidai, ƙasa ta cije.

Ta kira Baba Uwaisu a waya. "Baba, na ɓata maka katako."

"Katakon bai ɓaci ba, 'yar nan. Yawa ya yi, ragewa za a yi."

"To a dawo maka da shi?"

"Kin riga kin kafa ƙusoshin, in aka ɓalle zai tsage. Ke za ki yanka."

Inna Azumi na zaune a gefe ta ga ya miƙe ya sauko da zarton, yana naɗe shi cikin buhu.

"Malam, lafiya? Zarton da ko ƙura ba ka bari in kaɗe masa?"

"Ke dai ɗauki ki kai. Ki ce mata kada ta danna, ta bar shi ya ci da kansa."

"Shekara da shekaru ina gidanka ban sami wannan matsayi ba."

"Ke ai da wuƙar albasa ma yanka kanki kike yi."

Saudatu ta yini tana yanka. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Kafin La'asar kwaba ta zauna daram, ƙafafunta a kan bulo, nesa da randa yadda ɗigon ruwa ba zai kira gara ba.

Bayan ta fita takaba Mu'awiyya ya dawo a kan maganarsa. Ya leƙa kicin, ya ga sabuwar kwaba, ya kama ta ya jijjiga, ko motsi ba ta yi ba. Fuskarsa ta canza.

"Wane namiji ne ya shigo gidan ƙanena kina cikin takaba?"

Wannan tambaya ta fi ta farko nauyi. Da ta fita waje a haka, ba yaran kaɗai Saudatu za ta rasa ba, har da mutuncinta. Aka aika a kira Baba Uwaisu. Ya zo ya tsaya a zaure kamar kullum.

"Mu'awiyya, ni ban taɓa ganin kwabar nan a tsaye ba. Kai ka gan ta. Koma ka duƙa, ka duba yankan da ke gefen bango daga ƙasa."

Ya shiga, ya duƙa, ya fito. "A karkace yake."

"Azumi ta ce kamar ɓera ne ya gaigaye shi. Tun kana yaro kake ganin aikina. In ka ce yankana ne wannan, ka zage ni."

Saudatu kuwa ba ta tsaya rantsuwa ba. Ta ɗauko sukurdireba, ta kwance murfin kwabar a gaban wan mijinta, ta jingine shi, ta sake ɗaura shi, ta rufe. Sannan ta buɗe masa tafin hannunta. Mu'awiyya ya daɗe yana kallon tabon. Da ya fito zaure sai ya ce da ƙaramar murya, "A bar yaran wajen uwarsu." Ya sa takalmi, ya juyo. "Baba, ta gidana ma murfinta ya ɓalle."

Uwaisu ya ce, "Biyo ta rumfa ka karɓi kara. Amma maiɗakinka za ka kai wa."

Baba Uwaisu, maganin gara, na Azumi mai tsayawa a zaure. Kai ne ka gyara kicin ɗin da ba ka taɓa gani ba. Kai ne ka gane cewa kiyaye al'ada ba hujja ba ce ta barin mace cikin ɓaraguzai. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, katako ka yanka, ka bar mata suka gano abin da hannunsu zai iya.

Bana yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya yi rauni, ya ce ba zai yanka abin da ba ya gani sosai ba. Ya rufe rumfa. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa aikin nan ya tarar da kai a mizani. Ku kuma masu sana'a, ku koyar da abin da kuka iya tun idonku na gani. Magidanta, ku tashi daga majalisa ku leƙa kicin ɗinku, in ba za ku ɗauki guduma ba ku bar matanku su ɗauka.

Ƙusar da ke bangon rumfar tana nan, ba komai a jikinta. Zarton yana gidan Saudatu, can matan gari ke kai karansu yanzu. An ce ita ma ba ta ba da aronsa.