Ranar da Inna ta daina tsokanar jikanta

Tun a bakin ƙofa Inna ta fara aikinta ranar da ta iso Manchester. Ta dubi ɗana, wanda rabonta da shi tun yana goye, ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Mai ƙaton kai haka? A mayar da shi, ba na so." Ni da babansa muka fashe da dariya. Shi kuwa yaron, ɗan shekara bakwai, yana jin Hausa amma ba ya mayarwa, sai ya shafa kansa ya haye sama.

A wurinmu ai haka kaka take son jika. Ta ce masa rago, ya ce mata tsohuwa mai ƙwacen nama, a yi ta yi har a gaji. Inna ba ta jin Turanci, ba ta san hanya ba, gidanmu na Levenshulme kuma ɗan tsukuku ne, bango ɗaya muke da maƙwabta. Daga falo sai kicin sai taga. Tsokanar nan ce kaɗai hanyar da ta sani ta isa wurin yaron.

Ni a lokacin a Birmingham nake aiki, a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Edgbaston, in fita da asuba in dawo a galabaice. Ina cikin jirgin ƙasa malamar ajinsu ta kira ni. Cikin ladabi ta ce yaro ya yi kuka a makaranta, ya ce akwai wata a gida da kullum take kushe shi, kuma wai ita matarsa ce. Ga ni a matse tsakanin mutane, kowa yana ji, ina laluben kalmar da zan wanke mahaifiyata da ita. Na ce teasing ne kawai, wato tsokana, ta ce yaron bai ɗauke shi haka ba. Na tuna banter, amma wannan wasan tsara da tsara ne. Silly da daft, masu nufin shirme, kuma sun yi ƙanƙanta. Kalmar da take riƙe da ita ba ta furta ba, amma na ji ta sarai: bullying, wato cin zali. Ban ga laifinta ba, aikinta take yi.

Washegari na ba wata abokiyar aikina labari, 'yar Iceland ce, mace marar yawan magana. Ta ce su ma suna da kalmomin jingim. Shirme shi ne vitleysa. Kjáni wawa ne, amma irin wawan da ake faɗa wa yaro ana shafa masa kai. Tsokana kuma stríðni, kuma kakanta ya yi mata ita har ya bar duniya. Na ce to me ya raba wannan da cin zali? Ta ce, "Ni ina ramawa."

Na dawo da ƙarfina, na zaunar da yaro. Na ce, "Idan ta ce kanka ƙato ne, ka ce mata haƙoranta sun gudu." Ya zuba min ido kamar na ce ya yi sata. Da Turancinsa na 'yan Manchester ya ce wannan rashin kunya ne, kuma tsohuwa ce, ba zai yi ba. Wallahi haushi ya kama ni, ga dariya, ga kuka. Mu muka koya masa girmama manya, makaranta ta koya masa maganar kirki, ya haɗa biyun ya rufe mana ƙofa.

Da aka sake kira daga makaranta, dole na je wurin Inna. Na yi ta kewaye-kewaye, da nauyi 'ya ta ce wa uwarta ta gyara bakinta. Ta saurare ni har na gama tana jan carbi. Ta ce, "Ƙarata ya kai?" Na ce ba ƙara ba ce, Inna, yanayin ƙasar ne. Ta ce to, ta ji.

Ta kuwa ji. Daga ranar, in ya dawo makaranta sai ta ce, "Sannu da zuwa, ya karatu?" Ya ce lafiya. Ta miƙa masa abinci, ya yi godiya, ta koma bakin taga. Yaro ya saki jiki, har ya raɗa min cewa yanzu kaka ta zama mai kirki. Malamarsu ta yaba. Gidan ya yi tsit, ni kuma na tsani shirun nan fiye da kiran makaranta.

Bizarta ba ta ko kai rabi ba, wata Asabar ina wanke-wanke ta shigo kicin ta ce in duba mata jirgin komawa gida. Na ce haba Inna, me aka yi miki? Ta ce babu komai, an kula da ita, Allah ya yi albarka. Ta ɗauki tsumma tana goge farantin da na riga na goge.

"Wurin jikana na zo," in ji ta, "sai na tarar da ɗan mutane."