Fitilar da Aka Zura a Ƙirjin Baba

Mun tashi da asuba daga Roni, ni da Baba, ko koko bai iya sha ba saboda tari. Baba mahaƙin rijiya ne. Tsakanin Roni da Gwiwa da wuya ka sha ruwan da ba shi ya fasa dutsensa ba, kuma ƙurar dutsen nan ce ta cinye masa huhu. Likitan Kano ya ce ana iya yanke wurin da ya lalace, amma sai an ga ko sauran zai riƙe shi, hoton da ke nuna haka kuwa sai Abuja.

A tashar Kazaure na kama mana gidan gaba don ya sami iska. Kuɗin mota kam, kada ma ku tambaya. Direban, Allah ya shirye shi, sai da ya cusa mana kwandon kaji a ƙarƙashin ƙafa. Muka canza mota a Kano. A Zariya na sayi fura, an tsula mata ruwa har tana neman zama kunu, Baba ya kurɓa ya miƙo mini.

Daga Kaduna kowane rami sai ya tayar masa da tari. Duk da haka idonsa na kan ƙasar gefen titi, yana nuna mini inda ruwa yake kusa da inda sai an sha wuya. Na ce, "Baba, don Allah ku ƙyale ruwan mutane, ku adana numfashinku."

A Abuja mun kwana gidan wata 'yar uwa, da safe muka je asibiti. Likitan, wani matashi mai ladabi, ya ce za a sa wa Baba abin rufe hanci ya shaƙi wata iska ta musamman, na'ura tana ɗauka. Duk inda iskar ta shiga zai yi haske a hoto, inda ba ta kai ba zai zauna baƙi. Sai ga Baba yana dariya, rabon da in ji ta har na manta. Ya ce, "Ashe fitila za ku zura." Haka mahaƙa suke yi kafin su shiga tsohuwar rijiya: a kunna fitila a ɗaura a igiya a sauke. In ta mutu, babu iska a ƙasa, ba mai sauka.

Da hoton ya fito na yi ta neman haske. Ɗan hasken da ke akwai yana sama ta dama, bai kai tafin hannuna ba. Sauran duk duhu. Likita ya fara kewaye-kewaye, Baba ya tare shi.

"Ɗana, kada ka wahalar da kanka. A ina ta mutu?"

Likita ya nuna masa da biro.

Baba ya ce, "Tun daga bakin rijiya ke nan."

Likita ya sunkuyar da kai, ya ce aiki ba zai yiwu ba, sai dai maganin shaƙa. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce to me ya kawo mu tun daga Roni? Baba ya dafa ni ya ce, "Uwata, bar shi. Ni ma ban taɓa tura mutum ramin da fitila ta mutu ba."

A hanyar dawowa bai ƙara nuna mini ruwan kowa ba. Na juya fuska wajen taga na yi kukana.

Washegari mun iso gida bayan la'asar, maƙwabta na ta tambaya ko an dace, Baba na cewa alhamdulillahi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗi: na'ura tana nuna inda iska ta tsaya, ba ta iya kai ta. Da mutane suka watse ya ce in jawo masa ruwa a rijiyar tsakar gidanmu, wadda ya haƙa shekarar da aka haife ni. Na cika moɗa na ba shi. Bai iya shanyewa ba sai da ya tsaya ya huta.